Fitilar Da Ƙanena Ya Tuɓe Wa Riga

Ƙanena mutum ne da bai taɓa ganin abu a rufe ya bar shi a rufe ba. Shekara bakwai na ba shi, a bayana ya girma, saboda haka duk mai son ya ce min ban san halinsa ba, ya nemi abokin gardama a wani wurin. Yana ɗan shekara shida ya kwance agogon bangon mahaifinmu don ya ga wanda yake buga ƙararrawa a ciki. Bai ga kowa ba, agogon kuma bai sake bugawa ba. Ni aka doka, wai ni ce babba, ina ina har ya hau kujera. Tun daga ranar haka zamanmu yake, shi ya yi ɓarna, wani ya sha wuya.

Kowa a layinmu Injiniya yake ce masa. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a allon shago, mutane suka ɗauka da tsokana har ya bi shi. Ya yi gyaran rediyo, ya yi gyaran fanka, ya sayar da tsuntsaye a keji. Rediyon da ya gyara yakan yi magana, ban hana shi wannan ba, sai dai za a dawo maka da shi babu marfin baya, da ƙusoshi uku a leda, ya ce maka kamfani ne ya sa su don cika ido. Fankar ɗakinsa ba ta da raga, wai ragar tana cinye iska. Ɗan yatsansa na hagu guntu ne har yau, in ka tambaye shi sai ya ce haɗarin aiki ne.

Sai da ya haura hamsin ya faɗa sana'ar kifin ado, irin ƙananan nan masu launi da ake zubawa a akwatin gilas don kallo, ba a ci. A nan kam hannunsa ya karɓa. Yana haɗa akwatunan da kansa, ruwa ba ya yoyo, kifi ba ya mutuwa a hannunsa kamar yadda yake mutuwa a hannun wasu. Masu hali suna kiransa gidajensu da ofisoshinsu ya wanke musu akwati, ya canza ruwa. Shagon nasa dogo ne, siriri, ƙofarsa ta gilas. A bangon hagu akwai kanta ta ƙarfe mai hawa biyu, akwati uku a sama, uku a ƙasa. Bokitai, tiyo, koma, ƙasa kullum a jiƙe. Can ƙurya, daf da akwatunan sama, nan keken ɗinkin autata yake.

Autata mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Allura ce take ciyar da su. Da ta rasa wurin zama a bakin titi, kawun nata ya ce ta kawo kekenta ƙuryar shagonsa. Ya yi alheri, na yarda, kuma babu wanda bai ji labarin alherin ba daga bakinsa, har mai sayar da gawayi. Tela yake ce mata. Ita kuwa ko takalminsa ya bari a hanya sai ta ɗauke ta ce Kawu ya gaji. Da safe ta kai yara makaranta, ta zauna a kan keken nan har la'asar, kanta a sunkuye. A shekarar da nake ba da labari ta samu aikin da ta daɗe tana nema: wata makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai guda arba'in, a gama kafin a koma hutu. In ta cika alkawari, aikin ya zama nata duk shekara.

Da zafi ya shigo, ruwan akwatunan ya fara yin kore. Gansakuka ce, irin mai laushin nan da take gauraya da ruwa har ba ka ganin kifin. Ƙanena ya sayo wata na'ura: baƙin bututu na roba mai kauri, tsawon kamu ɗaya, da doguwar fitila a cikinsa. Ruwa yana shiga ta baki ɗaya, ya wuce ta jikin fitilar, ya fita ta ɗaya bakin, fitilar ta kashe gansakukar a hanya. Ya haɗa ta da akwati guda, kwana huɗu ruwan ya koma garau. Mai hankali da sai ya gode wa Allah, ya riƙa matsar da na'urar daga akwati zuwa akwati. Shi kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Autata ta ce kwana biyu yana zagaya bututun nan yana tsaki, yana cewa wane irin wawa ne zai kunna fitila ya kulle ta a cikin duhu, ga akwati shida suna jira. Rana ta uku ya kwance ta. Ya zaro fitilar da wata farar kwalba siririya da take ciki, ya rataye ta da waya a saman akwatunan, tsirara. Ya kwashe marafan gilas ɗin da ke kan akwatunan ya jingine a bango, wai suna satar haske. Tsakanin fitilar da fuskar 'yata bai fi taku biyu ba.

Ba kullum yake kunna ta ba, shi ya sa muka daɗe a cikin duhu. Sai ranar da ya ga ruwa ya fara sauya launi, ya kunna ta da safe, ya ɗan yi kaye-kayensa, ya ɗauki bokitinsa ya tafi gidajen masu kuɗi, ya ce wa Tela kada ta kashe, ta bar ta ta yi aiki kafin ya dawo. Haskenta shuɗi ne, marar ƙarfi, ba ya ko sa mutum ya runtse ido. Yarinyar ma cewa take yi yana taimaka mata ganin baƙin zare.

A irin waɗannan ranaku lafiya lau take tashi daga aiki. Sai wajen magariba idon ya fara. Hawaye, ja, ƙaiƙayi, fatar ido ta kumbura, ko fitilar ɗaki ba ta so. Kwana ɗaya, kwana biyu, ya lafa, ta koma shago, a yi kwanaki lafiya, abin ya sake dawowa. Kawunta ya zama likita. Yau ya ce waya take kallo da yawa. Gobe ya ce rinin yadin makarantar ne. Da ya rasa abin faɗa ya ce kukan miji ne take yi a ɓoye, ta yi haƙuri, mamaci ba ya dawowa. A mako na huɗu ta yanka yadin wata mata a karkace saboda alli ya zame mata biyu. Kayan makaranta kuwa goma sha ɗaya kawai ta gama.

Ni da farko na ɗauka ciwon idon nan ne mai yawo. Sai wata yamma na shiga na same ta kwance da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, tana ce min, Inna, kamar an zuba min yashi. Shekara talatin da ɗaya na yi da mahaifinta, mai walda ne, kuma duk ranar da ya yi ganganci ya ɗaga gilashin fuskarsa don ya gama aiki da wuri, da wannan kalmar yake dawo min: yashi. Da rana ƙalau, da yamma kuka. Na san ciwon nan kamar yadda na san tabon hannuna. Amma ina walda a shagon kifi?

Da safe na sa ta gaba sai asibitin ido. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, irin wadda nake so. Ta ɗiga mata wani ruwa rawaya, ta leƙa da na'ura, ta ɗago ta tambaya ko tana zama kusa da masu walda. Na ce a'a. Ta tambaya ko akwai fitilar kashe ƙwayoyin cuta a inda take aiki. Autata ta ce a hankali akwai wata shuɗiya ta Kawu.

Likitar ta ajiye biro ta yi mana bayani, na kuma riƙe shi tsaf, don kaina ba allo ba ne da ake wankewa. Ta ce shuɗin da ake gani ba shi ne mugun ba. Tare da shi akwai wani hasken da ido ba ya gani sam, ta kira sunansa, altirabayolet, shi ne yake kashe gansakuka, shi ne kuma yake ƙona fatar saman ido da ta fuska, irin na walda. Ba a jin zafinsa lokacin da yake aiki, sai bayan sa'o'i. Ta ce gilashin taga na yau da kullum yana tare irin na wannan fitila, roba mai kauri ma haka, tabarau ma yana tare abin da ya zo ta gaba. Amma farar kwalbar da fitilar take ciki ba gilashin taga ba ce, da gangan aka yi ta da wani irin gilashi don hasken ya ratsa ya kai ga ruwa. Shi ya sa ake kulle duka biyun a baƙin bututu. Ta ce idon zai warke in aka raba shi da fitilar, amma in aka ci gaba da ƙona wuri ɗaya ana sakewa, ita ba ta ɗauki alkawarin komai ba.

A hanya yarinyar nan ta riƙe min hannu tana roƙo, kada in yi wa Kawu faɗa, ita za ta gaya masa da lalama, in ya yi fushi ina za ta kai kekenta. Na ce ta je ta kwanta.

Na iso shagon yana ɗaure tiyo a bayan babur. Fitilar a kashe take. Bayan gaisuwa na shiga ina dubawa, shi yana bina yana tambaya ko kifi zan saya. Zaren da ke jere a kan kantar autata, duk gefen da ya kalli fitilar ya koɗe, ja ya koma kamar an wanke shi sau ɗari. Wanda ke cikin ƙaramin kabad mai ƙofar gilas kuwa yana nan da launinsa. Kifayen sama sun lafe a ƙasan akwati bayan duwatsu, idon wasu ya yi fari-fari kamar an shafa musu madara. Na ƙasa, da kantar ƙarfe ta yi musu rumfa, suna ta wasansu. Baƙin bututun na same shi a bayan ƙofa, ya zuba komarsa a ciki. A jikinsa akwai takarda manne. Ban iya karatu ba, amma an zana ido, an zana hannu, an ja musu jan layi. Wannan ko akuya ta gani ta san ba gayyata ba ce.

Na ɗora masa bututun a kan tebur na gaya masa abin da likita ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci.

"Yaya, ke da ko ƙwan fitila ba ki iya canzawa ba, yau ke za ki koya min lantarki? Gilas ai gilas ne. Ga ta nan a cikin kwalbarta. Ni da nake tsayawa a ƙarƙashinta, me ya sami idona?"

"Cire tabaranka," na ce.

Tun yana saurayi yake sa tabarau mai kaurin gindin kofi. Ya cire don ya nuna min idon. Idon kam fari tas. Amma goshinsa da karan hancinsa sun yi baƙi ƙirin suna saɓa kamar bangon da ruwa ya ci, inda tabaran yake zama kuwa fatar sumul, zagaye biyu, kamar mujiya. Na miƙa masa madubin awon kaya na autata. Ya duba, ya ce sabulu ne matarsa ta canza.

A nan ne na ji abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso. Na ce masa tun yana cikin zani yake lalata abin mutane ana biyan bashin da jikin wani, to wannan karon jikin 'yata ne, kuma ba ta da wani jarin da ya wuce ƙwayar idonta. Ya ce shi da ya ba ta wuri, yau shi ne mugu. Ya ce likitocin yanzu in ba su gane ciwo ba sai su ɗora wa abin da ba su sani ba. Ya ce in kawo mai ilimi su yi magana, ba ni ba.

"Ba sai an kira kowa ba, Injiniya," na ce. "Ga kujerar Tela nan. Ajiye tabaran, kunna fitilarka, ka zauna inda take zama. In ba ta yin komai, ai hutu ka samu."

Na san ba zai ƙi ba. Da a ce mu biyu ne kawai, wataƙila ya waske. Amma mai shagon takalma na kusa ya riga ya leƙo, mai wanki ma ya tsaya da ƙullinsa a ka. Ƙanena ya naɗe tabaran ya sa a aljihu, ya kunna, ya zauna a kan kujerar yarinyata ya harɗe hannuwa, ya ɗaga fuska sama don kowa ya shaida. Ni kuwa na fita, na ja ƙofar gilas ɗin na rufe, na kori masu leƙe baya, na zauna a kan benci ina kallonsa ta cikin gilas. Na yarda da maganar likita har wannan matsayin.

Za a ce me ya sa ban hana shi ba, ni da na san abin da zai biyo baya. An faɗa min haka, har autata ta faɗa. Ban hana shi ba. Mako huɗu 'yata tana zaune a wurin nan daga safe har la'asar, shi rabin sa'a kawai ya yi. Na ƙirga motocin da suka wuce, ban ji komai a raina ba.

Ya kashe fitilar ya fito yana buɗe ido da yatsu yana nuna wa mutane. Ya ce ga shi nan, a duba, ko ɗigon hawaye babu, tsufa ne ya fara taɓa yayarsa. Mai takalma ya yi dariya. Na ce mu haɗu da yamma. Na tsayar da mai kura, muka ɗora keken ɗinkin da zaren da yadin makaranta, kabad ɗin ma ban bari ba. Yana tsaye yana cewa in na fitar da keken nan kada in sake in dawo da shi. Na ce ko a mafarki.

Rana ba ta gama faɗuwa ba matarsa ta iso gidana ko mayafin kirki babu, wai in zo, Injiniya yana birgima, ya ce an watsa masa barkono. Na ba ta sunan asibitin, na ce ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ta ɗora masa, kada ta bari ya murza, kada kuma ta ɗiga masa komai sai abin da likita ta bayar. Ban je ba sai washegari da hantsi. Na same shi a ɗaki an rufe tagogi, tsumma a fuska, gemu duk hawaye. Ya ji muryata ya juya wa bango fuska. Na zauna na jira in ji ko kalma ɗaya za ta fito game da yarinyar. Da ya gaji da shirun sai ya ce, ta ƙarƙashin tsumman, zaman da ya yi babu tabarau ne ya wahalar masa da jijiyar ido.

Na tashi na tafi.

Kwana uku bayan haka mai takalma ya ba ni labari, fitilar ta koma cikin bututunta, an ɗaure ƙusoshin duka, marafan gilas sun koma kan akwatuna. Kifi biyar na sama sun mutu, sauran sun farfaɗo. Yanzu duk wanda ya shiga sayen kifi sai ya tsayar da shi ya yi masa lacca a kan hasken da ido ba ya gani, da yadda gilashin taga yake tare shi amma farar kwalba ba ta tarewa, da yadda shi ya gano haka da kansa ta hanyar gwaji. Har mutane suna cewa Injiniya akwai kai. Ƙofar gidana kuwa bai tako ba. Ya aiko matarsa da ƙananan kifi biyu a kwalba, wai a ba yara. Yaran sun riga sun gani, ban iya mayarwa ba.

Idon autata ya warke. Likita ta sake dubawa ta ce saman ya rufe, ta huta mako guda kafin ta koma kan allura. Hutun nan shi ya cinye sauran kwanakin. Kaya ashirin da shida ta kai, makarantar ta ba wani tela ragowar, kuma da shekara ta zagayo shi suka kira. Ɗakina yana cikin lungu, babu mai wucewa ya hango keke, sai tsofaffin masu kawo mata ɗinki da suka bi sawu, su ma ba duka ba. Sau biyu tana ce min Kawu ya gyara, ƙuryar tana nan babu kowa, a bakin titi ne ake samun aiki. Ta ce ai bai yi da gangan ba. Na ce na sani, bai taɓa yin komai da gangan ba, shi ya sa ba a iya tsare kai daga gare shi.

Keken yana nan a bakin tagata. Aikin ya ragu, muna cin abin da ya samu. Kullum da safe in ta zauna ta lashi bakin zare ta ɗaga allura wajen haske, nakan bar abin da nake yi in zuba mata ido. Yawanci karo ɗaya take zurawa. Ranar da ta kuskure sau biyu, ba na ce mata komai, amma abinci ba ya shiga cikina sai na ga ta gama layin farko a miƙe.